Abin da ke Cikin Gurbin Ragowa

Laraba, 3 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya idon? Ɗanki Yaya Dogo ya ce aikin idon ya yi kyau, sai dai likita ya hana ki kallon waya da kwamfuta har wata biyu. Na ce wannan likita bai san da wa ya haɗu ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma yi wa maƙwabta faɗa a kan kwata, kin ga kuwa ya warke.

Tunda in na kira ki sai an ƙure miki murya kowa a falo yana ji, na ce bari in koma takarda irin ta mutanen da. Sai-Gobe direba ya ce zai riƙa kai miki duk ranar da ya yi lodin wajenku.

Albishirinki! Shekara biyu ke nan da kika bar min ofishin kwamfuta na makaranta ina ta lallaɓa abin da kika gina, yau dai ga nawa na kaina. Na haɗa shafin iyaye. Kowane uba da kowace uwa za a tura musu lambar sirri, su shiga ta waya su ga sakamakon 'ya'yansu, babu sauran layi a bakin tagata. Sabon Hedimasta har ya buga ranar buɗewa a takardar sanarwa: 24 ga wata.

Abin ma bai ba ni wahala ba. Teburin ɗalibai da kika tsara a rumbun bayanai yana nan yadda kika bar shi, kowane yaro da layinsa, kowane layi da gurbi arba'in da ɗaya. Umarni ɗaya tak na rubuta wa kwamfutar: SELECT, sai alamar tauraro, wato a kwaso komai. Ya kwaso layin yaron gaba ɗaya ya aika wa wayar, shafin ya nuna abin da ake so, ya bar sauran a ƙasa. Na buga miki shi da manyan baƙaƙe saboda idon. Ki duba ki sa albarka.

'Yarki

Litinin, 8 ga wata

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ido da sauƙi, alhamdu lillahi, sai ɗiga magani sau huɗu a rana kamar ana yi wa shuka ban ruwa. Ki gaishe min da babanki, ki ce masa ya bar kwatar mutane ta huta.

Na ga takardarki. Da ido ɗaya na karanta, kuma da ido ɗayan na hango tauraron nan tun daga bakin ƙofa. Haba Uwata! Sunan mahaifiyata aka sa miki, amma wallahi ita ba ta da wannan ganda. Baƙo ya ce a ba shi ruwa, ke kuma kin kinkimo masa randa da murfinta kin dire a gabansa, wai ya sha abin da zai sha ya bar saura.

Me iyaye suke bukata? Suna, aji, zango, maki, bayanin malami. Biyar. To rubuta su biyar ɗin da sunayensu, hannunki ba zai karye ba. Tauraro cewa yake a kawo duk abin da ke nan, da wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, da wanda wani zai ƙara baɗi. A cikin gurabe arba'in da ɗayan nan akwai hoton yaro, akwai takardar haihuwa da aka ɗauka. Duk sanda uwa ta taɓa shafin sai datarta ta ƙone a kan abin da ba ta tambaya ba. Ranar sakamako kuwa mutum ɗari bakwai za su danno lokaci guda, tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburinki za ta yi tari ta kwanta.

Kuma kin ce shafin zai nuna abin da ake so ya bar saura a ƙasa. A ƙasan ina? A cikin wayar mutum! Abin da ya riga ya isa wayar mutum nasa ne. Duk wanda ya ɗan san kan abin zai ɗaga zanin ya karanta.

Akwai abin da ba ki sani ba a wannan tebur. Ba zan tsawaita a takardar da ke bin hannun direba ba. Ki dai kula da gurbin ƙarshe, wanda na sa wa suna ragowa, kada ya fita daga ofis ko da wasa. Cire tauraron nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Albarka kuwa na sa miki, amma ban sa wa tauraro ba.

Gwaggonki

Juma'a, 12 ga wata

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi. Baba ya amsa, ya ce kwatar ba ta mutane ba ce, tasa ce.

Wata uku ina wannan aiki, na aiko miki shafi shida, ba ki ga komai a ciki ba sai alama ɗaya mai kama da ƙuda. Ko "sannu" babu. Sai "akwai abin da ba ki sani ba." Na sani, Gwaggo. Tun ina aji uku kike gaya min akwai abin da ban sani ba. Na je na yi karatun, na dawo da takarda, har yanzu akwai abin da ban sani ba. Yaushe zan sani?

To bari in gaya miki wanda na sani. Jiya na zauna na ƙirga taurarin da ke cikin manhajar da kika rubuta da hannunki. Ɗari da arba'in da uku! Manhajar taki ta fi sararin sama ado. Laifi tudu ne, Gwaggo.

Kuma tauraro yana da amfaninsa. Hedimastan nan kowane mako da sabon abin da yake so a nuna: yau halin ɗalibi, gobe yawan zuwa, jibi wasanni. In na jera gurabe da suna, duk lokacin da ya yi mafarki sai na koma na buɗe umarnin. Da tauraro kuwa komai yana nan a hannu. Maganar nauyi na gwada, shafin yana buɗewa kafin ki ƙifta ido. Hotunan ma na rage musu girma tun bara.

Ragowar taki kuma na duba ta, don kada ki ce ban ji magana ba. Na buɗe rumbun gwaji, kwafin nan da muke wasa da shi kafin mu taɓa na gaske, na bi layi ɗari bakwai da sittin ɗaya bayan ɗaya. Fanko! Ko ɗigo babu a ciki. In wannan ne yoyon, to ɗakin a bushe yake.

Saura kwana goma sha biyu, ga tura lambobin sirri, ga koya wa malamai, ga firintar da ke cin takarda kamar akuya. Don Allah ki huta ki kula da idonki.

'Yarki, wadda ba ta san komai ba

Litinin, 15 ga wata

Uwata,

Lafiya lau nake, ido lafiya, gaisuwar ke nan, don yau ba ni da lokacinta.

Rumbun gwaji kika duba? Inna lillahi. Kai, wannan yarinya! Ni na rubuta abin da ke yin wannan kwafin, kuma ni na sa shi ya share ragowa kafin ya kwafa, don kada 'yan koyon aiki su gani. Ko shekara goma za ki yi kina dubawa a can, fanko za ki tarar. Na gaske za ki buɗe.

Na so in gaya miki baki da baki, amma kin ƙure ni. Ki karanta ke kaɗai, ki ƙona.

Shekara uku da suka wuce, ranar rajista, wata tela ta zo da 'yarta. Ta tsaya a tagata har kowa ya watse, sannan ta ɗaga mayafi na ga gefen fuskarta. Ta ce ta bar gidan mijin da keken ɗinkinta da yarinyar kawai, sau biyu yana gano inda suke, sau biyu suna tashi. Makarantar kam mijin ya san ta, gidan ne bai sani ba. Ya taɓa zuwa bakin ƙofa maigadi ya mayar da shi, shi ya sa har yau yarinyar take fita ta ƙofar malamai a motar malamar ajinsu. Yanzu tana aji huɗu. A gurbin adireshi na sa na wata 'yar'uwarsu da ke wani gari. Na gaskiyar, da kwatancen ƙofa da komai, na sa a ragowa, saboda ranar da yarinya za ta faɗi da zazzaɓi a rasa inda za a kai ta. Na rantse wa matar nan babu mai gani sai ni.

Ba ita kaɗai ba ce, gida tara ne irin haka. Tsohon Hedimasta ya sani, ya tafi da saninsa. Wannan sabon bai sani ba.

To ki ji da kyau. Sunan uban yana cikin teburin iyaye, lambar wayarsa tana nan. Kin ce kowane uba za a tura masa lambar sirri. Kuma kin san sana'arsa? Gyaran waya da kwamfuta. Ba irin iyayen da za su kalli maki su rufe ba ne. Tauraronki zai ɗauki kwatancen ƙofar matar nan ya kai masa har cikin shagonsa.

Taurarina ɗari da arba'in da uku kuwa, na ji, na amsa, ganda ce irin ta gidanmu. Amma nawa ba su taɓa fita daga ɗakin nan ba, daga kwamfutar ofis zuwa firintar ofis. Naki titi zai fita.

Rubuta biyar ɗin. In ba za ki iya kafin 24 ba, ki ɗaga ranar, Hedimasta ya yi ta kumfar baki. Zan sa Dogo ya turo miki saƙo ki jira wannan takarda. Dalilin ba zan gaya masa ba, rantsuwa ce.

Gwaggonki

Alhamis, 25 ga wata

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya, don shirun ya yi yawa. Kwana goma sha uku babu amsa. Na san wasiƙata ta yi zafi, amma ban zaci za ki yi fushi har haka ba. Sai wani guntun saƙo daga Yaya Dogo: "Mama ta ce kada ki buɗe sai takardarta ta iso." Wace takarda? Na tare Sai-Gobe a tasha, ya shafa aljihu ya ce babu komai, in dawo gobe. Na koma, ya yi lodi ya tafi. Na kira Yaya Dogo na ce me ke ciki, ya ce shi ma bai sani ba, kin dai ce tauraro. Na ce to, tauraro dai, na ji wannan karatun.

Ba zan iya zuwa gaban Hedimasta in ce a soke ranar da aka buga wa iyaye ɗari bakwai don gwaggota ba ta son wata alama ba. Jiya mun buɗe.

Kuma Gwaggo, ya tafi sumul! Kwamfutar ba ta yi tari ba, ba ta kwanta ba. Kafin azahar mutum ɗari huɗu sun shiga. Wata uwa ta zo har tagata tana nuna min wayarta tana dariya. Hedimasta ya ambace ni a taron malamai. Na so a ce kina nan, ko don ki ga cewa wani lokacin yaro ma yakan hango abu ba tare da ya hau rimi ba.

Ki daina fushin haka nan. Ki rubuto.

'Yarki

Litinin, 29 ga wata

Gwaggo,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Muna lafiya. Allah ya sa ke ma haka.

Jiya da hantsi Sai-Gobe ya zo gida yana sosa ƙeya. Wai ya je wankin mota aka tsinci takardarki a bayan abin tare rana, tare da lasisinsa. Kwana goma sha uku tana yawo a saman kansa, ta wuce ƙofar gidanmu ya fi sau biyar. Da na karanta, ko takalmi ban tsaya nema ba, silifas ɗin Baba na zura na nufi makaranta. Maigadi ya buɗe min. Na buɗe rumbun gaske, na je gurbin ƙarshe. Ga su nan, su tara, da irin rubutunki: bayan tankin ruwa, hawa na biyu, ƙofa shuɗiya, a ƙwanƙwasa sau uku.

Na rufe shafin nan take. Kwana huɗu ya yi a buɗe.

Sai na duba rajistar masu shiga. Gida takwas babu wanda ake gudu da ya shiga, na gode Allah. Mijin telar kuwa ya shiga. Ranar farko sau ɗaya, ta waya. Washegari sau biyar, kuma ba ta waya ba, ta kwamfuta. Mutum ba ya duba makin yaro sau biyar. Ko ya ɗaga zanin ko bai ɗaga ba, rajistar ba ta nuna wannan. Ta dai nuna cewa sau shida na aika masa.

Na kira Hedimasta, ya yi ta faɗa, wa ya ba da izini, me ya sa ba a gaya masa ba. Na bar shi yana yi na kama hanya. Na bi kwatancenki, na ƙwanƙwasa sau uku. Ta buɗe da allurai a baki da tef a wuya, yarinyar tana ƙasa tana aikin gida. Na faɗa mata komai a tsaye, ban ɓoye nawa ba. Na shirya ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na fi jin daɗi. Ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta, ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce huɗu. Na ce amma ba mu tabbatar ya gani ba.

Ta ce, "Malama, ni ba na jiran tabbas." Ta ɗauko sukudireba ta fara kwance kan keken daga teburinsa. Da gani kin san ta saba. Ta aiki maƙwabciya ta mayar wa mutane yadikansu, wasu an yanka ba a ɗinka ba. Ni na naɗe katifa. Kafin la'asar motar kaya ta zo. Yarinyar ta ja min riga ta ce, "Anti, na ɗaya na zo a lissafi, kin gani a kwamfutarki?" Na ce na gani.

Da za su tashi matar ta ce in sun zauna za ta aiko min da inda suke, saboda takardar canjin makaranta. Har yanzu ni take ba wa amana, Gwaggo. Wannan ya fi komai ci min rai.

Ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Ranar da kika miƙa min makullai kin nuna min inda ake buga firinta in ta maƙale, kin nuna min wayar da ba a taɓawa, amma mutum tara da ransu ke hannunki ba ki ce uffan ba. Ina jin haushin Sai-Gobe. Amma na fi jin haushin kaina. Yau da safe na cire tauraron na rubuta suna, aji, zango, maki, bayanin malami. Na duba agogo. Minti tara ya ɗauke ni, har da gwaji.

'Yarki

Alhamis, 2 ga sabon wata

Uwata,

Na karɓa, kuma ba ta hannun wancan sakaran ba. Daga yau ko gaisuwa ba zan ba shi ya kai ba. Ido ya washe, jiya aka cire bandeji, abin da na fara karantawa da ido biyu ke nan.

Haushin da kike ji na, ki riƙe shi, hakkinki ne. Na zauna ina ta yi miki wa'azin randa da data da tarin kwamfuta, ina kewaye-kewaye, alhali magana ɗaya ce. Ni na cusa wuƙa a cikin kayan wanki, na miƙa miki ƙunshin ban ce komai ba, don ina jin kunyar ki ga sirrin mutane a gurbin da na sa wa suna ragowa kamar wani tsumma. Ke kuma kin ji an ce tsaya, kin ƙi, don wadda ta faɗa ce ba ki son ji daga bakinta. Ni da ke duk jinin gida ɗaya ne, Allah ya shirye mu. Matar nan ce ta kwance kekenta a kan taurin kanmu.

Kuka ba zai mayar da ita ba, don haka tashi. Gida takwas ɗin nan ki fitar da su daga teburin ɗalibai yau, ki yi musu nasu daban mai makulli, wanda shafin iyaye bai ma san da shi ba. Ki je ki gaya wa kowace uwa abin da ya faru, da bakinki. Ranar Asabar ina tafe, likita ya yi ta kansa. Ki tanadi kujera ta biyu. Taurarina ɗari da arba'in da uku ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina faɗar gurabe ke kina rubutawa, kuma duk wadda ta yi wa 'yar'uwarta gori ita za ta sayo shayi.

Abu na ƙarshe. In telar ta aiko da inda suke, ki kai mata takardar yarinyar da ƙafarki. Kada ki sa a rumbu, na gaske ko na gwaji. Kada ki sa a waya. Kada ki rubuto min, ko na tambaye ki. Ki haddace, ki yaga.

Gwaggonki